Agogon da Inna Ta Kwance

Jiya, shekara guda da rasuwar Inna, na tsinci agogonta cikin kwando, har yanzu yana ƙaurin hayaƙin banda. Agogon zamani ne, ni na ɗaura mata shi don ya kira wayata in ta faɗi ƙasa, tunda ita kaɗai take zaune a Wara.

Ranar da ya fara kira, na shiga mota daga Yelwa ina kuka. Na iske ta tana juya kifi.

"Sujada na yi, ɗiyata. Wanga abu bai san salla ba?" Ta kwance shi. "Ba ni ɗaurawa, kuma ba ni barin gidana."

Dangi suna cewa da na tilasta mata dawowa wurina. Ni mai tsoron komai ce, amma wannan kam ban yi nadama ba. Allah ya ba ta gidan da babu mai cewa ta tashi.