Philomena da ke tsaron jirgi a tsakiyar kogi

Sun sa mace mai jikoki zaman dutse a tsakiyar kogi, lokacin da ƙanƙara ke fashewa, don kawai wani ofishi can kudu ya kasa turo mutum ɗaya.

Philomena Wapachee ke nan, 'yar wani ƙauye a arewacin Ontario. Asibiti yana wannan gaɓar, ƙauyen yana waccan. Da zafi a shiga kwalekwale, da sanyi kogin ya daskare a bi ta kan ƙanƙara da mota. Amma in kogin ya fara narkewa, ba mai ƙetarewa sai tsuntsu. Shi ya sa aka kawo ƙaramin jirgin sama marar matuƙi yana kai magani, har da allurar ciwon suga ta yayarta Agathe, wadda in ta rasa ta, sai dai wani labarin.

Sharaɗin lasisin jirgin shi ne kada ya ɓace wa idon mutum. Kogin kuwa ya fi ƙarfin ido ɗaya. Dole wani ya tsaya kan tsibirin dutsen da ke tsakiya, ya karɓe shi da ido, ya miƙa wa na gaba. An roƙi ofishin a zo a gwada jirgin a ɗage sharaɗin. Mai gwajin kullum yana tafe.

Saboda haka duk shekara, tun ƙanƙara na da ƙwari, Philomena takan ja tantinta da shayinta da kyafaffen naman dinya, ta taka har dutsen. Ba dawowa sai ruwa ya buɗe.

Bana da hantsi ta ji wata ƙara kamar an tsaga sama. Farin filin ƙanƙarar nan da ta tako ya ɗaga, ya rabu. Sai ga gutsattsarin ƙanƙara, kowanne ya kai ɗaki, cikinsu shuɗi shar, suna hawan juna, suna tafe da itatuwa har saiwa. Dutsen yana rawa ƙarƙashin ƙafarta. Wani gutsuren ya hauro a hankali, ya sure tantin ya wuce, ko sallama babu.

Oba-obarta ta yi ƙara. Elzear ne, ƙanin marigayi mijinta, mai sarrafa jirgin daga gaɓa.

"Matar yaya, kina raye?"

"A'a, fatalwata ce. Tashi jirgin."

"Na hango tantinki ya nufi teku. A fasa na yau mana."

"Kai za ka zame wa Agathe allura? Rago kawai. Da yayanka ne, da tuni."

"Yayana ai tsoronki ne ya kashe shi."

"To saura kai. Tashe shi!"

Jirgin ya taso, ɗan mitsitsi kamar ƙwaro a saman wannan tashin alkiyamar. Ta kafa masa ido. Bayanta ƙanƙara na nishi tana matsowa, tana jin sanyinta a ƙeya, amma ba ta waiga ba, don in ta waiga dole ta ce a mayar da shi. "Ina ganinsa," take cewa, "ina ganinsa," har mai tsaron waccan gaɓar ya ce, "Na karɓa."

Sai a sannan ta juya. Katangar ƙanƙara da ta fi ta tsawo ta tsaya dab da ita, rana na ratsa ta. Ta daɗe tana kallo baki buɗe, ta miƙa hannu ta shafa.

Agathe ta samu allurarta ranar. Philomena kuwa ta jira buɗewar ruwa a tsagin dutse, jirgin na sauke mata bargo da gurasa.

Ba wanda ya ce a saki jirage sama sakaka, doka tana da ranarta. Amma ku masu ofishin nan, ku turo mai gwajinku kafin kogi ya sake daskarewa. In jirgin na da aibi, ku faɗa, ku kawo wani. In lafiyarsa ƙalau, ku sa hannu, matar nan ta zauna gida.