Tabon Girar Matar Mai Hoto

Mai Hoto ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane ƙarya da fuskokinsu, su kuma suna yi masa godiya. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, a matse tsakanin tela da mai gyaran waya. Kujera ɗaya ce a ciki mai gurguwar ƙafa, sai fitila mai lema, sai labule mai zanen teku, wanda rabin unguwa suka tsaya a gabansa suna ƙanƙance ido, alhali ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwata ba. In ka shiga da ƙuraje ka fito sumul. In ka shiga da tamoji ka fito kamar ƙanin ɗanka. Da can da ɗan burushi yake gyaran a kan takarda. Da kwamfuta ta zo, ya koye ta da furfurarsa, yana zaginta tana yi masa aiki.

Duk wannan ɗaukar, matarsa sau ɗaya tak ya taɓa ɗauka.

"Ke da nake gani kullum, me zan yi da hotonki?"

"To ci gaba da gani, tunda kyauta ne," in ji ta.

Wannan ɗayan ma ba don ita aka yi ba. Makulli ta kawo masa, yana gwada sabuwar fitila, ya ce ta zauna. Ta zauna tana zabga masa harara, ga tabonta a gira, wanda ta samu ranar da suke kafa allon shagon: ita ce ta riƙe masa tsani, allon ya suɓuce ya sauka a fuskarta. Da ta ga ya ɗauko burushi sai ta ce, "Ka taɓa tabon nan ka gani. Shaidata ce, ni ma da jinina a shagon nan."

Bayan rasuwarta ya rataye hoton a saman teburinsa. Damina ta zo, rufin ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya shiga firam ɗin. Allah ya sa ya yi sikanin ɗinsa cikin kwamfuta kafin ya buɗe, domin da ya ɗaga takardar, fuskar a jikin gilashi ta zauna, ta bushe, ta zube kamar ɓawon fenti. Abin da ya rage ke nan: hoto ɗaya a kwamfuta, duk shatin ruwa.

Ya ce zai gyara in ya huta. Mazan nan da "in na huta"! Kafin ya huta likita ya ce masa hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duniya ta fara tsuke masa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu. 'Yar kibiyar nan ta kwamfuta ta riƙa ɓace masa. Burinsa ɗaya ya rage: ya ga fuskar matar nan fes kafin bututun ya toshe.

Shi ya sa ya jawo jikarsa, 'yar ɗansa, wadda yake kira Uwar Iyayi. 'Yar firamare ce, a zanin goyo take lokacin da kakarta ta rasu. Tana tashi daga makaranta sai ta haye kujerar, ya sa mata matashi don ta kai tebur.

"Riƙe maus ɗin a hankali, ba ɓera ba ne da za ki shaƙe."

"Tsoho, kai da ba ka gani, ya aka yi ka san na shaƙe shi?"

"Ina jin kukansa. Matso da hancin mutumin nan. Me kika gani?"

"Ƙurji. Har da 'yan uwansa."

"Ɗebo fata mai kyau daga gefe, ki shafa a kai. Kada ki bar ko ɗaya. Ba wanda ke zuwa nan don a nuna masa gaskiya, yana da madubi a gida."

Haka ya koya mata: haske, duhu, yanka, gogewa. Maganar ajiye kwafi kafin a taɓa hoto, sau ɗaya ya faɗa, shi ma yana hamma. Abin da ya nanata kullum biyu ne: goge duk abin da ba sumul ba, kuma ki adana da wuri, wutar nan ba ta sallama in za ta tafi. Yarinya ta haddace.

Ranar da ɗansa ya kai shi asibiti aka bar ta da tela yana leƙa ta. Ta buɗe hoton Kaka, ta ce yau za ta ba Tsoho mamaki. Ta kwashe shatin ruwa tas. Ta kwashe tamoji. Ta ga wani ɗan layi ya raba gira, ta ɗebo fata mai kyau daga gefe ta shafa. Ta adana a kan na asali, ta rufe.

Da ya dawo ta ja hannunsa. Ya kai hancinsa har jikin allon kwamfutar, yana bin fuskar kaɗan-kaɗan.

"Wace ce wannan?"

"Kaka ce mana!"

"Koma baya."

"Ba ya komawa. Na adana na rufe, yadda ka ce."

Mutumin da ke zagin kwamfuta don ta yi jinkiri, ranar ko tari bai yi ba. Shirun ne ya sa ta kuka.

"Daina, Uwar Iyayi. Aikinki ya yi kyau. Malaminki ne jaki. Layin nan da kika shafe a gira, tabonta ne."

"Zan mayar. Faɗa mini inda yake."

Hagu ne ko dama? Tela ya ce dama, ya sake cewa a'a, hagu. Ɗansa, wanda ya sha nononta, cewa ya yi, "Wai Inna tana da tabo?" Mai Hoto ya zauna a gurguwar kujera. Ya san wushiryar kowa a unguwar, amma wadda yake gani kullum kyauta, ga shi ya kasa tuna girar da tabonta yake.

Can ya rufe ido ya ɗaga hannu, kamar yadda yake shafa mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi a ciwonta na ƙarshe. Babban yatsansa ya kauce da kansa, yadda ya saba kauce wa wurin.

"Nan," ya ce, ya ɗora yatsan a kan allo. "Gajere, ya ɗan karkata."

Ta zana. Ya yi kauri, ta rage. Ya miƙe da yawa, ta lanƙwasa. Bai zama shi ba, kuma Tsoho ya sani. Ya ce ta bar shi haka, ta yi kwafi.

Kafin wata damina bututun ya toshe. Yanzu a bakin shago yake wuni, yana jin ƙarar maus a bayansa. Sabon hoton na rataye nesa da wurin yoyo. Wani lokaci sai ya juya.

"Uwar Iyayi, tana nan?"

"Tana nan, Tsoho."

"Me take yi?"

"Hararar ka take yi."

"To, wannan dai ba ki goge ba," ya ce, ya mayar da fuskarsa titi.