Kakar Wasan da Baba Ya Kalla Daga Ƙarshe

Ina aji biyu na sakandare Baturen da Baba yake yi wa tuƙi ya koma Amurka. Kamfanin da ya kawo shi ya rufe, kuma kamfanin ne kafilin Baba, wato mai ɗauke da nauyin zamansa a nan ƙasar Larabawa. Saura wata biyu iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare. In bai sami wanda zai karɓe shi ba, sai barin ƙasar. Ni da Umma takardunmu suna hannun asibitin da take aiki, mu ba abin da zai taɓa mu.

Baturen ya bar wa Baba kwali cike da faifai, wasannin ƙungiyar garinsu ne na wata tsohuwar kakar wasa, irin ƙwallon ƙasarsu da ake sa hular kwano. Baba ya ce, "Uwata, jera mini su a kanta." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Lambar kowane faifai tana cikin murfi. Na bi lambobin na jera daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke jera komai a makarantarmu ta Larabci. Shi kuwa Baba boko ya yi a Katsina. Daga hagu ya fara ɗauka.

Da safe yakan fita da koren fayil, yau unguwar Waziriyya, gobe ta Madain Fahd, wajen duk wanda aka ce yana neman direba. In na dawo makaranta fayil ɗin nake fara dubawa. In yana kan firij, an ce ya dawo gobe. In yana ƙarƙashin kujera, an ce a'a. Ban taɓa tambayarsa ba.

Bayan La'asar sai ya sa faifai ɗaya. Nakan zauna a ƙasa da littafina. Ba mu san dokar wasan ba. Ƙwallon kamar gwanda take. Ƙarti su durƙusa suna fuskantar juna, su gwabza, alƙali ya jefa wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa, kowa ya tsaya. Wasan farko da muka gani cikin ƙanƙara aka yi shi, numfashinsu yana hayaƙi, mu kuma gumi muke yi a unguwarmu Kurayyat.

Umma ta leƙo daga kicin. "Malam, wannan ƙwallo ne ko karon raguna?"

"Ke dai kawo shayi."

"Halas, shi ke nan, su sun ci sun ƙoshi suna ture juna, kai ka zauna kana taya su."

Akwai wani dogo da kullum ake nuna shi a gefen fili, tsaye da sanduna biyu, ƙafarsa a ɗaure. Wata rana muka ga an danne shi, an fitar da shi a ƙaramar mota. Washegari sai ga shi yana gudu yana jifa, lafiyarsa ƙalau. Ƙanƙara ma ta daina, ciyawa tana ƙara kore, 'yan kallo sun cire rigunan sanyi. A nan na gane abin da na yi.

Kwana biyu na kasa faɗa. A na uku na ce, "Baba, baya muke yi. Ni na jera daga dama."

Ya buɗe murfin ya dubi lambar, ya daɗe yana kallonta. "To ai gara haka," ya ce. "Kowa sai warkewa yake yi." Ya mayar, ya ɗauki na gaba daga hagu.

Mutum na ƙarshe da ya gani wajen neman aiki mai shagon kayan gini ne. Ya ce Baba ya manyanta da ɗaukar kaya. Cikin satin aka buga masa takardar fita. Umma ta yi ta ninke riguna tana warwarewa. Ni na goge masa takalmi, na sa safa a ciki. A filin jirgi ya dafa kaina ya ce, "Yalla, ku tafi, kar ku rasa mota." Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Ina ta kallon wani maɓallin rigarsa da ya kusa cirewa.

Ranar Lahadi malama ta raba mana takardar sakamako, ta ce kowacce ta kawo da sa hannun mahaifinta. Na kai wa Umma. Ta juya takardar, ta ce, "A ina?" Na nuna mata layin. Ta sa hannu, na saka a jaka.