Zoɓon Mushe Yunusu

Yunusu ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. A Afala aka haife mu. Ni na tsaya ga garma, daga baya na koma ɗinki a Tawa, shi kuwa ya bi boko har Yamai, ya dawo da takardar shimi, wato ilimin sinadarai, da wani tabarau da ke zamewa daga hancinsa. Ya shiga koyarwa a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Tawa, inda ake kiran malami Mushe irin na Faransanci, a matsayin malamin kwantaragi, da alkawarin bayan ɗan lokaci za a ba shi lambar aiki ya zama cikakken ma'aikacin gwamnati. Ɗan lokacin nan ya kai shekara goma sha shida.

Makarantar tana da ɗakin gwaji, amma suna kawai. Kwalaben ciki duk sun bushe, takardar da ake tsomawa a ruwa a gane asid ko baz kuwa ta ƙare tun kafin zuwansa. Wani malamin zai rubuta darasi a allo ya kama gabansa. Yunusu bai iya haka ba, kuma wannan ce cutarsa. Ya tuna yadda uwarsa ke jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, sai ya mai da kasuwa ɗakin gwajinsa. Yakan zo aji da jarkar ruwan zoɓo, da lemun tsami, da jiƙon kanwa. Ya matsa lemo a kofi ɗaya, zoɓo ya yi jawur, ya ce wa yara wannan shi ne asid. Ya zuba kanwa a ɗayan, ruwan ya yi duhu ya koma kore-kore, ya ce ga baz. Sannan ya haɗa su, ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya. Ni ina ce masa mai sayar da zoɓo, yana ce mini tela mai ɓata yadi. Amma na san masu aiki a asibiti yau da har gobe suke gane asid da jan zoɓonsa.

Shekara biyu da suka wuce aka ce mai duba malamai zai zo ajinsa, kuma da rahotonsa za a tsara sunayen waɗanda za a ba lamba. Yunusu ya san ita ce damarsa ta ƙarshe, domin shekarunsa sun kusa wuce iyakar da ake ɗaukar mutum. Da safe ya ce wa matarsa Kaltumi ta dafa masa zoɓo mai kyau, babban baƙo zai zo. Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Kaltumi kuwa 'yar mutunci ce. Ta ɗanɗana, ta ji tsami ya yi yawa, ta ga ba za a ba babban mutum abin da zai kashe masa haƙori ba. Ta jefa 'yar kanwa kamar yadda kowace mace ke yi, ta sa sukari da citta, ta rufe jarka.

A gaban yara tamanin da baƙo, Yunusu ya tsiyaya zoɓo a kofi, ya ga ya riga ya yi duhu tun kafin ya taɓa shi. Ya gaya mini cewa nan take ya gane an sa wa zoɓon kanwa. Amma ya gyara tabarau, ya ɗaga kofin, ya tambayi ajin ko akwai wanda ya san abin da aka yi wa wannan zoɓo. Wata ɗaliba mai suna Raƙiya ta ce an sa masa kanwa, haka innarta ke yi. Ya tambaya yaya za a dawo da jansa. Rabin ajin suka ce lemo. Ya matsa, ja ya dawo a idon kowa, yara suka ɗauki tafi. Ya ce a duk shekarunsa bai taɓa yin darasin da ya shiga kan yara kamar na ranar ba.

Baƙon ya yi ta rubutu. Bayan an tashi, ya ce darasin ya kauce wa tsarin da aka rubuta, ba a auna komai da lamba ba, kuma kayan ba na gwaji ba ne. Yunusu ya nuna masa busassun kwalaben. Mutumin ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Rana ta take, ƙishi ya kama shi, ya nemi a zuba masa sauran zoɓon, ya shanye kofi biyu.

"Wanga girki na, Mushe, ba shimi ba," in ji shi. "Amma maiɗakinka ta iya zoɓo."

Sunaye suka fito bayan damina, babu na Yunusu. Na ji haushi har na kasa ɗinki ranar, kuma tun daga nan ban sake ce masa mai sayar da zoɓo ba.

Kaltumi ta ɗora wa kanta laifin. Ya yi mata bayani har ya gaji, cewa ko da zoɓon ya zo daidai maganar ɗaya ce, ba ta yarda ba. Ta daina sayen kanwa gaba ɗaya. Duk ranar da na ci tuwo a gidansu miyar yakuwa na kama mini muƙamuƙi, shi kuwa yana cin abinsa.

Yana nan yana koyarwa, malamin kwantaragi mai furfura. Kwanan baya na kai masa wandon da na rage wa ƙugu, na same shi a aji, na tsaya jikin taga. Darasin asid da baz yake yi. Babu jarka a kan teburi. Ya zana kofi biyu a allo, ya rubuta "ja" a ƙarƙashin ɗaya da farin alli. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce yayarta ta gaya mata ana zuwa da zoɓo a wannan darasin.

"Da can ne," ya ce mata. "Ku kwahi abin da ag ga allo."