Ƙasimu da Gaisuwar Firiza

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da shagon Ƙasimu mai gyaran firiza a Koki. Bangon ma bai kai rufi ba, saboda haka in na yi atishawa na yi hamdala, daga can ɓangaren nake jin amsa. Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce Allah ya karɓi abinsa. Har yanzu nakan juya in yi wa bangon magana kafin in tuna.

Tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo da firamare. Kakansa Babarbare ne da fatauci ya kawo shi Kano, ya samu waje a Koki ya zauna. Ni na bi keken ɗinki, shi kuma aka kai shi wajen wani mai gyaran firji a Ƙofar Ruwa, ya koyi liƙin bututu da ɗura gas. Da manyan firizoji na masu sana'a suka fara zuwa da wani ɗan akwati a goshi mai nuna jajayen lambobi, sai hankalinsa ya koma kansa. Ƙwaƙwalwa suke ce masa. Ita ce take jin yawan sanyin da ke ciki ta wata siririyar waya mai kai kamar ƙwallon dabino, sai ta gaya wa kwampireso, wato injin da ke yin sanyin, ya tashi ko ya huta. Masu gyara da yawa in ta ba su wahala cire ta suke yi su haɗa wuta dairek. Ƙasimu kuwa ƙonannu yake bi yana saye, ya buɗe su a kan tabarma, ya sa tabarau yana kallo kamar mai tsintar shinkafa. Wani lokaci ƙaramin abu ɗaya ne ya ƙone sai ya canja shi. Wani lokaci kyankyaso ne ya shiga ya mutu a ciki, sai ya ɗago shi da ɗan hantsaki ya miƙo mini ta saman bango.

"Shehu, ga injiniyan da ya riga ni zuwa," in ji shi.

Mutumin da yake sa hannu cikin wayar wuta yana hira, amma tsoron tuƙa babur yake yi. Duk aikin da ya yi nisa ni nake rufe shago in goya shi, yana riƙe da rigata yana cewa in rage gudu. Ta haka na san kusan duk firizojin Koki da Sheshe, na masu ƙanƙara da masu kifi da masu yogot. Ta haka kuma na san Hajiya 'Yardada.

Hajiya 'Yardada tsohuwa ce Bafillatana, a Sheshe take, sana'arta kindirmo da fura. Tun tana yarinya take ɗaukar ƙwarya a ka daga ruga zuwa birni, har aure ya zaunar da ita a ciki. Ƙafa ta gaji amma hannu bai gaji ba. 'Ya'yanta suka saya mata babban firiza aka ajiye a soro, 'yan uwa suna kawo mata madara daga ƙauye, ita tana zaune kan kujera 'yar tsugune tana damu tana faɗa da masu saye. Wannan soron shi ne duniyarta.

Matsalar ita ce ta ƙona kwampireson farko. Ɗanta na fari, Abdulmalik, ma'aikacin gwamnati ne mai sanyin hali, shi ya sayi sabo ya kira Ƙasimu ya ɗaura. A gabanmu ya durƙusa ya ce mata, "Inna, in wannan ma ya ƙone, don Allah ki haƙura da sana'ar nan. A kwashe kayan, ki koma ɗaki ki huta."

Ba ta dube shi ba, don Fulani ba sa sakewa da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ta dubi Ƙasimu ta ce, "Ka ji yaron nan? Wai in huta. Hutun me, ina da rai?"

Da Abdulmalik ya fita, Ƙasimu ya tambaye ta yadda na farkon ya mutu. Ashe ƙwaƙwalwar tana da wata ɗabi'a: in aka kawo wuta ba ta barin kwampireso ya tashi nan take, sai ta ɗan jira, wata 'yar fitila tana ƙyafta ido, har gas ɗin ciki ya lafa, wutar ma ta daidaita. To Hajiya ba ta da wannan haƙurin. Da ta ji yara sun yi ihun an kawo wuta, ta ga fanka na juyawa amma firiza shiru, sai ta zare fulogi ta mayar, ta ɗaka masa duka. Duk zarewa kuwa jiran daga farko yake komawa. Da ta gaji ta sa wani mai gyara ya yi mata dairek. Ba a daɗe ba wutar nan tamu mai zuwa tana komawa ta gama da injin.

"Kai ma dairek za ka yi mini," ta ce da ta ga Ƙasimu yana mayar da ƙwaƙwalwar. "Ba na son mai nawa."

"Goggo, ba zan yi ba."

"Kuɗinka ne ko nawa?"

"Naki ne. Amma ba zan yi ba."

"Dama an ce mini Babarbare ne kai! Taurin kai kamar jaki. Me kuka sani game da nono, ku da kuka tashi da gishirin manda a baki?"

"Mu ne dai muka koya muku zama a gari," in ji Ƙasimu. "Ba don mu ba da yanzu kina daji kina bin saniya da sanda."

Ta ɗauki ludayi ta yi kamar za ta jefe shi. Wasan Fulani da Barebari ne, in suka fara ba mai shiga tsakani. Ni dai ina gefe an ba ni fura ina sha.

Can sai Ƙasimu ya gyara zama ya ce, "Goggo, in baƙo ya yi sallama a soron nan, kina tashi ki miƙa masa tsintsiya ne ki ce ya fara shara?"

"Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Sai an gaisa."

"To wuta baƙuwa ce. In ta zo, firizan nan gaisawa yake yi da ita. Wannan 'yar fitilar da kike gani tana ƙyaftawa, ina gajiya yake cewa, ya hanya, ya mutanen gida. Ke kuma sai ki zare fulogi ki katse musu magana, dole su sake daga sallama."

Tsohuwa ta kalli fitilar. Ta ce, "Ƙarya kake yi."

"To gaishe ni. Gaisuwa irin taku ta ruga, wadda ake tambayar mutane a tambayi shanu."

Ta yi tsaki, amma ta fara. Ta tambaye shi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi jiki. Ta tambayi matarsa Safiya da yara ɗaya bayan ɗaya, da masu jego, da marasa lafiya, da ruwa, da kiwo. Rabi da Hausa rabi da Fillanci, shi kuma yana ta "lafiya lau" da "jam", idonsa a kan agogon hannunsa. Da ta kai ƙarshe sai ya tashi ya danna maɓallan ƙwaƙwalwar, ya saita jiran daidai tsawon gaisuwarta. Ya kashe soket ya kunna, ya ce ta sake. Tana rufe baki da "madalla" sai ga injin ya ɗauka, gurrr.

Hajiya ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. Ashe yana da ladabi."

"Ya fi wasu Fulanin ma."

"To wa zan riƙa gaisarwa in ba ka nan? In gaida ƙarfe kamar mahaukaciya?"

"Ki sa masa suna mana."

Nan take ta sa masa Babarbare, wai don taurin kansu ɗaya.

Daga ranar wannan ta zama hanyar aikin Ƙasimu. Duk wanda ya ɗaura wa ƙwaƙwalwa sai ya ce ya gaishe shi tukuna. In gaisuwar mutum ta yi gajarta, ba ya rage jiran, sai ya ce, "Alhaji, gaisuwarka ba ta isa injin nan ba, ƙara da surukai." Har ta kai a layinmu in aka kawo wuta wani ya yi gaggawa, sai ka ji an ce masa, "Bari su gama gaisawa."

Gab da azumi ciwo ya kwantar da Ƙasimu. Zafi ya yi tsanani, wuta kuma ta lalace, a kawo a ɗauke kamar ana wasa da makunni. Wata ranar Asabar bayan La'asar na je duba shi, sai ya ce, "Shehu, hau babur ɗinka ka je Sheshe. Irin wutar nan ce take cin inji, kuma na san hannun Goggo yana ƙaiƙayi. Ka dubo mini lambar da ke goshin Babarbare."

Na tarar da soron ba wuta tun safe. Firiza cike da kindirmon da ta tanada, Hajiya ta lulluɓe shi da tsohon bargo don sanyi ya zauna. Abdulmalik yana zaune a bakin ƙofa yana fifita da hula, fuskarsa ta nuna ya riga ya fara tunanin inda za a kai kayan. Muna cikin gaisawa sai yara suka yi ihu a waje. Fanka ta juya. Lambobi suka kama, 'yar fitila ta fara ƙyaftawa, inji shiru.

Abdulmalik ya miƙe. "Inna, kin gani ko? Bai tashi ba. Bari in zare in mayar."

Na ga hannun Hajiya ma ya nufi fulogin da kansa, ya tsaya a hanya. Sai ta janye shi ta buge hannun ɗanta da mafici.

"Kai, yaron nan, zauna! Ba ka ga manya na gaisawa ba?"

Ta juya ta fuskanci firiza ta gyara lulluɓi. "Babarbare, ina wuni? Ina gajiya? Ya zafi? Ya mutanen Borno, masu kan kwakwa?"

Abdulmalik ya dube ni, idonsa na tambaya ko tsufa ne ya fara taɓa ta. Ban samu bakin yi masa bayani ba, domin tana cikin tambayar yara sai wutar ta yi ƙasa, fanka ta koma juyin wahala, ta ɗauke gaba ɗaya, sannan ta dawo da wani irin ƙarfi. Ƙwan fitilar soro ya yi fau ya mutu. A maƙwabta muka ji wata mata tana salati, wai talabijin ɗinta na hayaƙi.

Hajiya ko gezau. Ta ce, "An katse mu. Salamu alaikum, Babarbare," ta sake daga farko. Ta bi kwana da gajiya da jiki, ta bi Safiya da yara, ta bi ruwa da kiwo. Mu biyu muna tsaye ba mai motsi. Ta ce "madalla", sai gurrr, inji ya tashi lafiya ƙalau.

Abdulmalik ya daɗe yana kallon ƙonannen ƙwan da ke sama, ya dubi firizan. Da na gaya masa abin da zai faru da injin yana dairek a lokacin, sai ya sa hularsa ya ce, "Inna, gobe zan aiko a sa miki wani ƙwan. Madarar azumi nawa za a ƙaro?"

Ba ta amsa masa ba, ni ta duba. "Ka gaya wa yaron nan a ninka."

Na koma Koki da kwanon kindirmo mai sanyi da ta ce in kai wa mara lafiya. Na ba Ƙasimu labari tun daga farko, ina kwaikwayon muryarta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Safiya ta leƙo tana yi mini faɗa. Da ya lafa ya ce, "To lambar fa? Nawa ka gani a goshinsa?" Wallahi na manta ban duba ba. Ya ce, "Tela dai tela ne," ya sha kindirmonsa cokali biyu ko uku. Wannan ce dariyar ƙarshe da muka yi mai tsawo.

Bayan an share makoki na je Sheshe in yi wa Hajiya godiya, don ta zo ta'aziyya da ƙafarta duk da ciwon gwiwa. Na same ta a kan kujerarta tana damu, masu saye sun yi layi, tana ta faɗa da wani da ya ce furar ta yi tsami. Ina zaune aka kawo wuta. Ta ajiye ludayi ta fara gaisuwarta, masu saye suka yi shiru, alamar sun saba. Ta bi ta kan kowa kamar kullum. Amma da ta zo wajen "madalla" ba ta tsaya ba, sai ta ɗaga hannu ta ci gaba: Allah ya jiƙan Ƙasimu, Allah ya sanyaya makwancinsa, Allah ya raya abin da ya bari. Tana tsakiyar addu'ar inji ya tashi.

Ta shafa, muka shafa. Ta goge ido da gefen mayafi, ta harari firizan.

"Ka gan shi ko, Shehu? Yanzu kullum sai ya riga ni. Ina magana yana katse ni. Halin Barebari ke nan."

Ta ɗebo fura ta zuba mini a kofi, ta ce in sha kafin sanyinta ya tafi.