Awakin Inna a Kazaure

Shekarar da ciwon ƙafa ya matsa wa Inna, na je ƙauyenmu da ke bayan Roni na ɗauko ta zuwa gidana a Kazaure, don ta fi kusa da asibiti. Ta ce ba inda za ta ba tare da awakinta ba. Haka muka loda su a bayan a-kori-kura, suna kuka har muka iso.

Tun tasowata da madarar akuya Inna take shan kununta. A ƙauye, jar akuyarta kaɗai tana cika ƙaramar ƙwarya da safe. A Kazaure na kafa musu turke a lungun bayan ɗaki, ƙarƙashin rumfar kwano. Ba a jima ba madara ta soma ja da baya. Abin da ake tatsa da ƙyar yake rufe gindin ƙwarya, ga shi tsararo, da ɗan gishiri-gishiri a harshe. In an ɗora a wuta sai ya tsinke.

Wata safiya Inna ta kira ni, ta yi ƙasa da murya.

"Matar nan ta maƙwabta, ranar da muka sauka me ta ce?"

"Barka da zuwa ta yi miki, Inna."

"Ta kalli hantsar jar nan ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba. Ka ji ta ce tubarkalla?"

Ban ji ba, kuma ban iya cewa na ji ba. Daga ranar Inna ta mai da tabarmarta bakin lungu. In matar ta shigo gaisuwa, sai ta amsa a gajarce, tana kare awakin da jikinta. Ɗanwaken da ta aiko mana ma kaji aka zuba wa.

Ni kuma mai sayar da dusa na zarga. Na riƙa murza dusar a tafin hannu ina neman yashi. Na sake shago, na ƙaro harawa da kanwa, ba abin da ya canja. Har na fara lura da matar ni ma, ina tambayar kaina me yake yawan shigo da ita.

Ana haka Kawu, ƙanen Inna, ya biyo ta wajenmu daga kasuwar Babura. Muna tsaye a lungun da hantsi, mai waldan da ke bayan katangarmu ya tayar da janareta ya hau dukan ƙarfe. Awakin suka zabura, suka ja igiya har tana shaƙe su. Jar ta daina tuƙa, jikinta yana rawa. Ni da sassafe nake fita aiki, ban taɓa ganin wannan ba.

"Yaya, akuya in hankalinta a tashe yake, riƙe nono take yi," in ji Kawu. "Ga ƙara, ga zafin kwano, ga ɗauri, su da suka saba yawo."

"Ƙarar ce ta zuba gishiri a madara?" in ji Inna.

"Har ɗanɗanonta yakan canja."

 Da yamma Inna ta yarda ya koma da su ƙauye.

Bayan 'yan makonni Kawu ya bugo waya, ya ce madara ta fara dawowa, ko da yake jar ba za ta koma yadda take ba sai ta sake haihuwa. Na gaya wa Inna da murna, ina jiran ta saki maganar maƙwabciya.

"To ka gani," ta ce. "Sun yi nesa da idonta."

Matar ta daina shigowa tun kafin nan. In mun haɗu a ƙofar gida takan tambayi jikin Inna, in ce da sauƙi, mu wuce. Damina tana faɗuwa Inna ta ɗaure kayanta, ta ce in mai da ita gida, maganin asibiti a riƙa aika mata a mota.