Goggo Lauya da Fayil ɗin da Ta Ƙi Kwantarwa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiyar da kowa ke kira Goggo Lauya a shekarar 1951, a wani gidan haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta kammala karatun shari'a a 1976, malamanta suna shaidarta da kaifin basira da taurin kai, kodayake na biyun ya ɗan rinjayi na farkon.

Aiki da Aure

A 1978 ta kama aiki a ma'aikatar shari'a, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da kabad huɗu, shekara na zagayowa ta auri wani malamin makaranta. Daga 1995 aka riƙa tura ta tarukan ƙasa da ƙasa inda ake tsara yarjejeniyoyin yaƙi da cin hanci da rashawa, ta kuma ƙware a sashen miƙa wanda ake tuhuma ga ƙasar da ke nemansa.

Jarrabawa

A 2006 wata ƙasa ta nemi a miƙa mata wani ɗan kwangila da ake zargi da bai wa jami'anta toshiyar baki, buƙatar kuma ta sauka a teburin Goggo. Mutumin nan yayan mijinta ne, wanda ya riƙe mijin tun suna marayu. Dangi suka cika mata falo, babbar yayarsu ta ce, "Ba mu ce ki yi ƙarya ba, 'yar nan. Ki dai kwantar da fayil ɗin har wa'adi ya wuce."

Goggo ta ce, "Yaya, da ni aka rubuta dokar nan. Da wane ido zan dube ta?"

Washegari ta bayyana dangantakarsu, ta janye hannunta kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ta miƙa aikin ga mataimakinta. Aka tafi da yayan mijin nata, aka yanke masa hukunci. Dangi suka ɗauke ƙafa daga gidanta, abin kuwa ya ci mata rai har ƙarshen rayuwarta.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2011, Allah Ya yi mata rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya. An sallace ta a ƙofar gidanta, aka kai ta makwancinta, dangin miji tsiraru ne suka halarta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: likita, tela, da auta mai karatun shari'a. Akwai kuma ta huɗu da ta tashi a hannunta, 'yar yayan mijin nata, wadda uban da kansa ya aiko daga kurkuku cewa kada a ba kowa riƙonta sai Goggo.